Motar da Ba Wanda Ya Roƙa

Yawancin shekarun ƙarfina a cikin akori-kura suka ƙare. Hatsi nake saye a ƙauyukan Baure da Zango, gero da dawa da wake, in kai Mai'Adua ko Kongolam in sayar wa masu ƙetarawa da shi. Ni ne mai motar, ni ne direba, ranar da 'yan dako suka yi wuya ni ne ɗan dako. Fara ce lokacin da na saye ta, amma rana da jar ƙasa suka mai da ita wani launi da ban san sunansa ba. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, wanda ya zauna a wurin shi ke riƙe bakin igiyar.

A Daura nake zaune da iyalina, amma asalinmu wani ƙauye ne can bayan Babban Mutum, inda kwalta ta ƙare aka shiga rairayi. Duk danginmu na can ba mai mota sai ni. Wanda bai taɓa zama mai mota shi kaɗai a dangi ba, da wuya ya gane abin da ke ciki. Haihuwa ta zo da gardama, ni za a nema. An yi rasuwa a wani gari ana son zuwa gaisuwa, ni. Kayan ɗaki, kwanon rufi, takin zamani, ragon suna, tsohuwar da ta zame a bakin rijiya za a kai wa mai ɗori, duk ni. Da can sai an aiko mutum a kan keke, wannan ya sa ake ɗan tauna magana kafin a aiko. Da waya ta zo sai ya zama ba wani shamaki. Na sha ajiye loma in wanke hannu in fita. Na sha wanke jini da amai daga bayan motar nan da tsintsiya da bokiti, in bar ta ta bushe, washegari in loda mata gero. Allah ya saka ake ce mini, in ce amin, kuma ban taɓa jiran wani abu bayan wannan ba.

Kusan duk kiran nan ta bakin yayana yake zuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ya riƙe gandu, shi ya kai ni firamare ya koma gona. Mutum ne da bai iya roƙo ba, sai dai umarni. Zai kira ya ce in zo gobe da sassafe, matar wane ce ba lafiya, ya kashe wayar kafin in buɗe baki. Ba ya tambaya ko ina da kasuwa a ranar, ko motar ma na da lafiya. Ga ni da furfura, ga ni da jikoki, amma haka yake yi mini, haka kuma nake tashi in tafi. In yi ta gunaguni ni kaɗai tun daga Daura har in wuce Zango, in na isa in durƙusa in gaishe shi kamar ba ni ba.

Da shekaru suka ja sai na gaji. Bayana ya riƙe, gwiwata ta hagu ta daina son kuloci, waya in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake tun ban duba mai kira ba. Motar ma ta gaji, ta fi kwana a gareji a kan ƙofar gida. Ana cikin haka babban ɗana, wanda ke aiki a Abuja Allah kuma ya buɗa masa, ya zo hutun Sallah ya ce wahalar ta isa haka. In bar harkar hatsi, a sayar da akori-kura, shi zai saya mini motar hutawa, irin wadda dattijo zai shiga ya je ɗaurin aure da mutuncinsa. Ya ce ba zai zaɓa mini ba, mu je Kano in gani da idona.

Filin da muka je motoci ne jere a ƙarƙashin rumfar kwano, kowace an wanke ta tana ƙyalli. Bayan mun zaga mun sake zagawa, zance ya tsaya a kan guda biyu. Ɗaya jif ce ƙirar Japan, doguwa, sai ka taka ka hau. Ɗayar baƙa ce ƙirar Jamus, mai faɗi, kwance take kusa da ƙasa, kujerunta na fata ne launin madara. Duka biyun 'yan Kwatano ne, amma in ba an faɗa maka ba ba za ka ce wani ya taɓa hawa ba. Ɗana ya fi karkata ga jif ɗin. Ya ce hanyar ƙauyenmu ba ta son mota mai ƙasa, kuma kayan gyaran ta Japan ko a Daura za a samu, ita kuwa ta Jamus ko tari ta yi sai an zo Kano.

Dillalin wani mai tumbi ne mai yawan magana, carbi a hannu ɗaya, makullai a ɗayan. Ya ce shi tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya zo sayen irin waɗannan motoci don tafiya ba, domin tafiya kam kowace mota tana yi. Ɗan siyasa jif yake so, wai don in ya shiga taro a hango shi sama da kawunan mutane. Ɗan kasuwa kuwa ta Jamus yake ɗauka, don wanda za su yi hulɗa ya yarda da shi tun bai fito daga ciki ba. Ya ce akwai ma wanda ya zo ya sayi irin wadda tsohon maigidansa ke hawa, har launin, ya je ya yi ta wucewa ta ƙofar gidan, alhali maigidan ya daɗe da rasuwa. Muka yi dariya. Sannan ya juyo gare ni.

"To Baba, kai wa kake so ya gan ka a ciki?"

Na ce ni na wuce wannan, ni dai in zauna bayana ya huta. Ya ce ai kowa haka yake cewa.

Amma bai kai ga nawa dalilin ba. Lokacin da ya buɗe bayan jif ɗin yana nuna mana yadda kujerun ke kwantawa, yana cewa ko katifa za a iya shimfiɗawa, ni ba katifa na gani ba. Mai naƙuda na gani kwance, mata sun riƙe ta. Na ga buhunan taki, na ga rago ɗaure yana fitsari a kan kafet. Na ga akori-kura ce dai aka sa wa sabuwar riga. Da na koma wurin baƙar na leƙa, na ga fatar nan mai launin madara, na ga but ɗinta shimfiɗe da kafet tsaf, sai na san ba mai hankalin da zai dube ta ya ce a ɗauko masa buhun taki. Ba sai na ce wa kowa a'a ba. Motar za ta faɗa musu, ni kuwa in ci gaba da zama mutumin kirki.

Ita na zaɓa. Na ce wa ɗana kujerarta ta fi taushi, kuma tun muna samari irinta manyan mutane ke hawa. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ya yarda. Da muka iso gida mai ɗakina ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallo, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Malam, wannan ai sai an yi wanka kafin a shiga." Na ɗauka yabo ne.

A wurinmu in mutum ya yi sabon abin hawa, ko da babur ne, ba ya fara yawo da shi sai ya kai wa na gaba da shi ya sa albarka. Babban ya dafa, ya yi addu'a, a ɗauke shi a ɗan zaga da shi, sannan sauran jama'a su biyo baya. Don haka ranar Juma'ar farko na nufi ƙauye. Mota ce mai canja giya da kanta, ƙafata ta hagu sai neman kuloci take tana taka banza. Daga inda kwalta ta ƙare na shiga lallaɓawa, ina jin cikinta na gogar rairayi, ni kuma kamar nawa cikin ake goga.

Da akori-kura ce, kafin in tsaya an ɗare bayanta. Wannan karon mutane suka ja baya kaɗan suka tsaya suna kallo. Ba wanda ya taɓa. Yaya ya fito daga zaure, ya zaga ta hannuwansa a baya, ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya sa alheri, ya tsare, ya yi wa yaron da ya saye ta albarka. Amma bai dafa ba. Na buɗe masa ƙofar gaba na ce ya shigo mu zaga. Ya dubi kujerar, ya dubi rigarsa, domin bai daɗe da dawowa daga gona ba. Ya ce a bari sai wani zuwan.

Matarsa, wadda tun ina ƙarami muke wasa da ita irin na matar wa da ƙanin miji, ta leƙo ta kan danga.

"Auta, wannan ta shiga ce ko ta kallo? In ta kallo ce mun kalla, mun gode."

Na ce ta zo in kai ta har Makka a ciki.

"Ni da nake warin daddawa? Rufa mini asiri, kada ɗanka ya kai ni kotu."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na dawo Daura da yamma kujerun nan tas, ko sawun hannu babu, kuma na tuna na ji daɗin hakan.

Abin da na nema na samu. Waya ta yi shiru. Na koyi barci bayan Azahar, na koyi zaman majalisa har Magariba ba mai tayar da ni. In na je ɗaurin aure akan matsar da babura a ba ni wuri, a wuce da ni kan darduma maimakon tabarma, mutanen da a da sai dai mu ɗaga wa juna hannu suka fara tambayata lafiyar iyali. Roƙo bai ƙare gaba ɗaya ba, kama ya canja. Yanzu aronta ake zuwa yi don kai amarya, masu zuwan kuma masu hali ne, su zo da direbansu, su dawo da ita tana ƙamshin turare. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya fi cin raina hidimarta ce. A wanke, a goge, a lulluɓe ta da rigarta saboda rana, in ɗan acaɓa ya matso kusa in ji kamar in fita in ture shi. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, bakaniken da ya yi mini aiki shekara da shekaru ya leƙa ya ce shi ba ya taɓa irin wannan, sai Kano. Na huta da hidimar mutane na koma hidimar ƙarfe.

Yaya bai daina kira ba, amma kiran ya zama na gaisuwa. Ran Juma'a zai kira, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yaron na Abuja, ya jira in gama magana kafin ya kashe. Wata rana na ji ya ce mini Alhaji. Na daɗe da zuwa Makka, bai taɓa kirana da haka ba sai a lokacin. Na lura, ba zan ce ban lura ba. Labarin ƙauye kuma sai ya wuce nake ji. An kai matar wane Babban Mutum a amalanke, daga can aka sa ta a motar haya. Wane ya rasu, an je gaisuwa a kan babura. In ce don me ba a gaya mini ba, a ce ai ba a so a dame ni, ni kuma in bar maganar a nan. Na san in na matsa da tambaya za a gaya mini gaskiya, shi ya sa ban matsa ba.

Da kaka, ana tsakiyar girbi, wani maƙwabcina mai sayar da lemo da ayaba a bakin asibiti ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce ya mai jiki. Na ce wane mai jiki. Ya dube ni, ya ga da gaske nake, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai yayana ya kwana biyu a kwance a ɗakin maza, shi ya ɗauka daga gidana ake kai abinci.

Asibitin ba shi da nisa da gidana, da ƙafa ma ana zuwa. Na same shi a gadon ƙarshe kusa da taga, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji an ɗora ta a kan matashi, matarsa zaune a tabarma tana yi masa fifita. Ya rame. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai gyara zama, kamar wani baƙo ne ya shigo.

A hankali na ji yadda aka yi. Kututturen kara ya taka a gona ya huda masa tafin ƙafa. Yana da ciwon suga, masu shi kuwa rauni ba ya warke musu da wuri. Aka yi ta na gida, ana wankewa da ruwan ɗumi ana barbaɗa magani, ƙafa na kumbura, har ta fara ruwa. Da abin ya ƙi, babban ɗansa ya ɗora shi a babur, aka ɗaure su tare da rawani don kada ya faɗi, har Babban Mutum. Daga can sai motar haya, a matse a kujerar baya, ƙafar a kan cinyar matarsa. Likita ya ce an makara, yatsun da suka mutu sai an cire, kuma a gode wa Allah da abin bai haura sama ba.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba a kira ni ba?"

Ya dubi taga ya ce, "Alhaji, ai ƙafar ruwa take yi."

Da na fito matarsa ta biyo ni baranda, wai za ta ɗebo ruwa. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta yi mini magana ba wasa a ciki ba sai ranar. Ta ce tun ƙafar ba ta kai haka ba ta ce a kira ni, ya hana. Ya ce ciwon na wari, ba zai shiga motar ya ɓata wa yaro kyautar da ya yi wa ubansa ba. Ta ce wata safiya har ya ɗauki wayar ya riƙe, ya sake ajiyewa.

"Cewa ya yi da tsohuwar motar ce da tuni ya kira ka."

Ta ɗauki butarta ta wuce. Na tsaya a barandar nan ba ni da wanda zan yi wa faɗa. Ban taɓa ce masa kada ya kira ba, shi ma bai taɓa cewa na hana ba. Aikin da na zaɓi motar dominsa shi ta yi. Ni dai buhun taki da rago nake tunani a filin motocin nan, bai zo mini a rai ba cewa a duk dangi shi zai fi kowa jin nauyinta.

Bayan an yi aikin an sallame shi, aka ce sai ya riƙa zuwa wankin ciwo a kai a kai har ya rufe. Na ce ya zauna a gidana, ga ɗaki. Ya yi 'yan kwanaki yana zaman baƙunta, ko ruwa sai an miƙa masa yake sha, sannan ya ce hatsi na gona ba a gama kai shi rumbu ba, shi zai koma, kuma motar haya ya bi. Na san in na ce ya kira ni duk ranar zuwa ba zai kira ba. Don haka na tambayi ma'aikacin da ke wanke masa ciwon ranakun, na riƙa tashi da sassafe ina zuwa ba tare da an neme ni ba.

Ranar farko da zai shiga, na tarar ya sa ƙafar cikin baƙar leda, ya ɗaure bakinta da tsumma a ƙwauri, ya ƙara wata ledar a kai. Matarsa ta fito da tsohon zane ta shimfiɗa a kujerar baya. Na ce gaba zai zauna, ya ce bayan ya fi masa. Na janye zanen na ce ba a buƙatarsa. Bai yi gardama ba, ya dai tsaya dogare da sanda a cikin rana yana jira, har na gaji na mayar. Ya shiga ya zauna a bakin kujera, bai jingina ba, hannuwansa a kan gwiwa. Haka muka yi tafiyar nan har Daura. Mutumin da a akori-kura yake gaya mini inda zan bi da inda zan rage gudu, a hanyar da na fi shi sani, bai ce uffan ba. Da na dawo da shi ya sauka ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini godiya ba sai ranar. Da ma zagina ya yi.

Na kira ɗana na ce ina so a canja motar, a kawo jif ɗin nan ko ma wata akori-kurar. Ya ce duk yadda nake so. Mai ɗakina ce ta hana. Ta ce Yaya ba yaro ba ne, zai gane saboda shi aka rabu da ita, wannan kuma zai fi masa ledar nauyi. Ta ce in ma jif ɗin ce ai sabuwa ce a idonsa, ita ma leda zai sa. Na ga gaskiyarta na bar zancen.

Sai na koma ɓata motar da gangan, abin da yanzu in na tuna nake jin kunya. Na daina lulluɓe ta, na daina wankewa. Na sa aka ɗora mini buhun gero a kujerar gaba, motar ta yi ta ƙara ba ta yi shiru ba sai da na ɗaura wa buhun bel. In na ga tsofaffi a bakin hanya da kaya in tsaya in ce su shigo, su shiga suna ɗari-ɗari, su riƙe kayansu a cinya har mu isa. Matar Yaya ta ce in na gama haukan in gaya mata, akuyarta ma na son ganin Zango. Na ji daɗi wasa ya dawo bakinta. Yaya kuwa yana nan yadda yake. Leda dai, zane dai, bakin kujera dai.

Haka muka yi ta yi mako bayan mako. Tafiyar ta fi ta da gajiyarwa, domin sai in je in ɗauko shi, in mai da shi, sannan in kamo hanyar gida ni kaɗai. Bayana ya koma ciwonsa, taushin kujera bai hana komai ba. Cikin motar ya gogu da rairayi har wani abu ya fara ƙara a ƙasa, ban ko kai ta an duba ba.

Wata rana muna komawa bayan an wanke ciwon, rana ta yi zafi, na rufe gilasai na kunna sanyin motar kamar yadda na saba tun farko. A ganina mara lafiya ba ya son zafi, kuma shi ne abu ɗaya da motar nan ke da shi da zan iya ba shi. Mun kusa Zango na ji ya yi gyaran murya.

"Kai, kashe wannan sanyin. Tun ranar da na fara shiga yake cin ƙashina."

Na kashe. Na ce me ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce in sauke gilas in daina surutu, in kuma dubi gabana, ga rami can. Na sauke. Iska mai zafi ta shigo da hayaƙin babura. Da muka shiga gari ya ce in tsaya gaban wata rumfa, akwai abokinsa mai sayar da igiya da kayan garma da ya daɗe bai gani ba. Bai tambaye ni ko ina sauri ba. Ya sauka da sandarsa, ledar na ƙara a ƙasa, ya zauna a kan benci aka shiga hira.

Ban ci komai ba tun safe, ga sauran tafiya a gaba, ga dawowa. Ba inuwa a inda na tsaya. Na buɗe ƙofa na sa ƙafa ɗaya a waje na zauna ina jiransa. Ledar nan bai daina sawa ba har ciwon ya rufe, zanen ma haka, kuma har yau ban sani ba ko akwai ranar da zai ɗauki waya da kansa ya neme ni. Ranar dai ya daɗe yana hirarsa, ko waiwayowa bai yi ba ya ga ko na gaji. Sai da aka kira Azahar ya yafito ni, ya ce in zo in riƙe shi mu je masallaci.